Waliyyin da Bai Hau Dutse Ba

Sabo Kabo ya zo aikin Hajji yana saurayi, ya ce zai koma gida bayan Sallah. Yau gemunsa fari fat, bai dai faɗi wace Sallar ba. Shayi yake sayarwa a bayan tashar motocin Kudai, ba shi da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya sha labarin Kano, Kanon da ta shuɗe tun kafin a haifi mai sauraro.

Babbar rigarsa ɗaya ce, ta shadda, tana ƙasan akwati. Ya ajiye ta don ranar auren Manal, 'yar ƙanensa Abdulrazak, domin a wurinmu uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa in yana da wa a raye.

Abdulrazak kuwa Allah ya buɗa masa: takardu, kantin turare, bene a unguwar Shisha. Hausa sai ta kama yake yi. Da Manal ta ga wani tafki a waya, can kan duwatsun Shafa, ta ce ƙaramin biki take so a bakin ruwa, ya amince da saurin da ya ba kowa mamaki. Ni bai ba ni ba. Akwai shingen binciken takardu a hanyar, kuma ya san waɗanda ba za su iya wuce shi ba.

"Yaya, sanyin can ba zai yi maka daɗi ba," in ji shi.

Sabo ya ci gaba da ɗauraye kofuna. "Allah ya sa alheri."

Ranar bikin muka hau dutsen. Aka shimfiɗa darduma, aka jera furannin roba. Ruwan ya ja baya, rabinsa taɓo, iska na kwashe mayafan mata, birai na zaune kan duwatsu suna lura da tiren shinkafa. An riga an yi takardar hukuma, saura a ɗaura irin namu.

Malam Isa Zali, wakilin ango, ya duba hagu da dama.

"Ina waliyyi?"

"Ga ni," in ji Abdulrazak.

"Kai uba ne, Alhaji. Wurin Malam Sabo muka kai goron neman aure, shi ya ce ya ba mu. A bakinsa za mu karɓa."

Abdulrazak ya koma Larabci, ya yi dogon bayani. Malam Isa ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙe ya sa takalmansa. Manal ta ce, "Baba, ba ka ce Baffa ne ya ƙi zuwa ba?" Muna naɗe darduma birai suka sauko wa shinkafar.

Bayan La'asar muka tarar da Sabo a Kudai cikin shaddarsa, tana warin kafur. Tun safe yake sanye da ita. Ya bar mu a tsaye sai da ya gama haɗa wa wani direba shayi, sannan ya zauna a kan tabarma, cikin hayaƙin motoci, ya ce ya bayar. Aka shafa Fatiha.

Hoton tafkin na rataye a falon Shisha. Sabo kuwa har gobe yana gaya wa masu shan shayi cewa an roƙe shi ya hau, sanyi ne ya hana shi.