Ranar da aka so rufe lakwal ɗinmu

Jiya iyayen yara suka kawo karan gero don gyaran rumfunan karatu. Ƙamshin sabon karan nan ya tuno mini da marigayi ansifektanmu na Mayahi, dattijon da ke duba makarantun ƙauyukan nan duka.

In ya zo rangadi, ba ruwansa da kujera. Sai ya tuɓe takalmi, ya zauna cikin rairayi bayan yara yana saurare.

Shekarar da na fara koyarwa a wani ƙauye kusa da garin Sarkin Hausa, aka ce za a rufe lakwal ɗinmu, makarantar ƙauyen, don yara sun yi kaɗan. Ya iso da rana tsaka bisa tsohon motonsa mai ƙafa biyu, gumi ya jiƙa masa riga. Na ce, "Baba, an ce in tattara kayana."

Ya ce, "Mushe," haka ake kiran malamin lakwal a nan, "ba a cike rijiya don masu ɗiba sun ragu. Taso mu tahi."

Muka taka har ruga. Ya zauna gaban Arɗo, ya sha nono a ƙwarya, bai ko ambaci doka ba. Ya tambayi lokacin da yara ke dawowa daga kiwo, ya mai da karatunsu a wannan lokacin. Yaran rugar suka fara zuwa. Ba a rufe makarantar ba.

Ɗaya daga cikin yaran rugar ce ke koyarwa a ajin da ke kusa da nawa yanzu. Dattijon bai rayu ya gan ta riƙe da alli ba, abin da ke sosa mini rai ke nan.

Allah ya ji ƙansa, ya sa kowane harafi da aka koya a nan ya zame masa haske a kabari.