Ranar da na yi wa mai wankan gawa wanka

Shekarun baya, likita ya ce mahaifiyata na da kansar mahaifa. Jini ne ya dawo mata bayan ta daɗe da daina al'ada, ta yi ta ɓoyewa har na kama ta. Ya ce an gano da wuri, amma sai an cire mahaifar. Hanya biyu ce: ko a tsaga ciki, ko a huda 'yan ƙananan ramuka a zura kyamara a yi aikin, wadda ta fi saurin warkewa.

Mma ta ce ko ɗaya ba ta so. Ita ce mai yi wa mata wankan gawa a layinmu na unguwar Nima. A trotro, motar haya, muna komawa gida ta ce min, "Ke yarinya ce. Mata nawa na wanke da ɗinki tun daga cibiya har mara? Wadda aka tsaga, hannuna take dawowa."

Ni sarkin iyayi na yi ta zuba mata bayanin kyamara, har da zane a bayan kwali. Ta kalle ni ta ce, "Sannu, likita." Wallahi tsoro ya kama ni, don ciwon ba jiranmu yake ba.

Maƙwabciyarmu mai sayar da koko ce ta ji mu ta taga. Ta shigo, ta tura ƙofa, ta ɗaga rigarta. Ga tsohon tabo zungurere.

"Hajiya, kin taɓa wanke ni?"

Mma ta ce a'a.

"To, waɗanda suka warke ba sa zuwa hannunki. Muna nan muna dama koko."

Mma ta yi dariya har da hawaye. Washegari da kanta ta ɗauko mayafi, ta ce mu koma asibiti. Likita ya ce zai fara da ramukan, in ta kama a buɗe, zai buɗe. Ta ce, "Ɗana, yi wanda Allah ya nuna maka."

Ba a kai ga buɗewa ba. Da muka dawo gida, 'yan filasta ne kawai a cikinta, har 'yan dubiya na tambaya ko an fasa aikin ne. Abin ya ba ta haushi ƙwarai.

Ni na yi mata wankan farko, da tsumma da ruwan ɗumi. Ina yi ina tuna cewa da ta ƙi aikin, wani wankan za a yi. Ita kuwa sai gyara take min: "Daga dama ake farawa, ke!"

Na ce, "Mma, wannan na masu rai ne."

Har yau tana nan, tana faɗa, tana zuwa asibiti a duba ta. In na ji muryarta da safe, daɗi nake ji har cikin raina. Na koyi cewa mutum da abin da idonsa ya saba gani yake auna duniya. Yanzu in mace ta ji tsoron aiki a layinmu, Mma ce ke tura ƙofa ta ɗaga riga.