Bobin na Biyar

Issoufou tela ne a Babbar Kasuwa, amma a da shi ke haska fim a wata silima marar rufi da aka daɗe da rushewa. Mutum ne mai saurin fushi, ko zare ya tsinke masa sai zaren ya sha zagi.

A zamaninsa wani tsohon fim baƙi da fari ya iso Yamai, na bayan yaƙin duniya, labarin wani direban taksi da aka ɗora wa kisan kai. Fim ɗin bobin biyar ne, wato naɗi biyar, amma huɗu suka zo, kuma ba wanda ya aiko da cikon. Idan na huɗu ya ƙare, sai Issoufou ya hau benci ya ƙarasa labarin da baki: direba ya kuɓuta, komisar, wato shugaban 'yan sanda, ya nemi gafararsa. Haka Yamai ta san fim ɗin. Da silimar ta mutu, ya kwashe bobin ɗin ya tura ƙarƙashin gado.

Bara sai ga wani Bature mai tara tsofaffin finafinai a rumfarsa. Ya ce duk duniya na biyar kaɗai ya rage, yana hannunsa, in aka haɗa da na Issoufou fim ya cika. Yana ta yabon inuwa da hayaƙin sigari, sai ka ce ba mutane a ciki. Ya miƙo waya ya nuna masa ƙarshen.

An harbe direban ya faɗa kwata. Komisar ko waiwayowa bai yi ba.

Ran Issoufou ya ɓaci. Wane irin marar imani ne zai wahalar da bawan Allah tun daga farko, sannan ya yar da shi cikin kwata? Kuma wai wannan ne na gaskiya, nasa ƙarya. Baturen ya ce ai irin ƙarshen nan ne ke ba fim ɗin daraja, kuma in aka bar bobin cikin zafin nan lalacewa za su yi.

"Su lalace," in ji Issoufou. "Matata Zuwera ba ta gajiya da kallonsa. Kullum sai ta yi kuka ta tambaye ni ko ya tsira, in ce mata ya tsira. A kan haka ta rasu. Ba za ka zo yanzu ka kashe mata shi ba."

Ya mayar masa da wayarsa, ya nuna masa hanya.