Tagar da Abba Ya Fasa

Shekarar da Abba ya sayi karafan, ɗakin nan mai tayoyi da ake ja da mota, na fi kowa murna. Da sanyi ya shigo muka bar gidanmu na Al Rayyan, muka kafa shi a rairayin bakin teku. Kullum da safe gilashin taga yakan yi hazo ta ciki, ni kuma in sa yatsa in zana tsuntsaye, in zauna ina kallon fukafukansu suna narkewa suna gangarowa.

Umma tana aiki a asibiti, sai ƙarshen mako take zuwa. Hajiya, mahaifiyar Abba, wadda ta zo mana daga Zariya, ita ke riƙe da mu, ni da autarmu mai asma. A wurin Hajiya ba abin tsoro kamar iska. Ta cusa zani a kafar iskar rufi, ta toshe bakin tagogi da tsumma. A ciki take dafa ruwan wanka, a ciki take shanya tawul.

Abba ya ce, "Hajiya, wannan ba ɗakin ƙasa ba ne, ba ya shan ruwa. Tururin nan ba shi da mafita."

"To, injiniya. Da na raine ka a rufaffen ɗaki, ruɓewa ka yi?"

Ya yi dariya ya sunkuyar da kai. Bai taɓa ja da ita ba.

Bango ya fara zufa. Ruwa yana ɗiga daga rufi, barguna suna warin danshi, tarin auta yana ƙaruwa. Hajiya ta ce sanyi ne ya shige ta.

Wata safiya Abba yana waje yana duba janareta, numfashin auta ya fara fita da ƙara kamar usur. Hajiya ta tafasa ganye, ta murza makullin ƙofa, ta lulluɓe yarinyar da bargo a kan tukunya don ta yi sirace. Na ga ƙafafunta suna harbawa. Na ja bargon, Hajiya ta make mini hannu.

"Bar ta, haka ciwon yake fita."

Maganin auta na shaƙa yana cikin mota. Na nufi ƙofa, Hajiya ta riga ni, ta tokare ta da bayanta. Na ƙwala wa Abba kira. Ya jijjiga ƙofar har ɗakin ya girgiza.

"Hajiya, ki buɗe."

"In iska ta buge ta yanzu, kai za ka ɗauki alhakin?"

Ta cikin tsuntsayen da na zana a taga na hango shi ya ɗago gudumar da muke kafa turaku da ita. Bugun farko gilashin ya tsage, na biyu ya tarwatse a kan gado. Ya kutso ta tagar, gilashi yana yankar damtsensa, ya fizge bargon, ya shure tukunyar, ruwan zafi ya fallatsa a ƙafata. Leɓunan auta sun yi baƙi. Hajiya ta riƙe masa riga, ya fincike, ta tafi da baya ta bugu da kabad. Bai waiwaya ba, ya sungumi auta ya fice da ita.

A kan rairayi ya shaƙa wa auta maganin, jininsa yana ɓata mata riga, har ƙirjinta ya lafa. Sannan ya miƙo mini ita ya koma ciki. Ya ɗaga katifar auta. Ƙarƙashin ya jiƙe sharkaf, fumfuna ta yi baƙi ƙirin a jikin katakon. Da hannu ya riƙa ɓalle katakon yana jifa waje, ya zaro zanin rufi ya yage shi. Hajiya ta sunkuya ta daɗe tana kallon baƙin nan.

Da muka dawo daga asibiti ya durƙusa a gabanta, hannunsa a naɗe. Ba ta bari ya yi magana ba. Ta ce, "Tashi ka fitar mini da risho waje."

Daga ranar girki ya koma waje, kafar rufi ba ta sake rufuwa ba, katifa kuma ta hau kan sandunan katako don iska ta bi ta ƙasa. Hajiya takan zauna cikin barguna tana rawar ɗari tana mita, amma kullum sai ta cusa hannu ƙarƙashin katifar auta ta ji. Sabon gilashin ba ya hazo. Na taɓa hura masa iskar bakina zan yi zane, Hajiya ta miƙo gefen mayafinta ta goge.