Bayanka

Ɗana bai taɓa yi mini doguwar magana da Hausa a cikin gida ba. A Birmingham aka haife shi, shekara biyu da zuwana karatu, kuma tun da ya shiga makaranta bakinsa ya juya. In na ce masa, "Ka ci abinci?" da Turanci zai amsa. In mahaifiyata ta kira daga gida, ya yi mata "ina wuni" ɗinsa guda ɗaya, sai ya miƙo mini wayar kamar tana ƙona masa hannu. Na yi faɗa, na yi lallashi. Har doka na taɓa kafawa cewa ba mai shan shayi sai ya roƙa da Hausa. Kwana biyu dokar ta yi uwarsa ta soke ta, ta ce ba a gidanta za a horar da yaro da yunwa ba.

Wuri ɗaya ne kawai Hausa ke fita daga bakinsa ba tare da an matsa masa ba, wato filin ƙwallo.

Muna da wata 'yar makarantar Asabar a Sparkbrook, ɗaki biyu a saman wani shagon yadi, mu iyaye muka haɗa ta. Wata Hajiya ce shugaba, tsohuwar malamar firamare mai kaifin ido. Da safe yara su yi karatun Hausa suna hamma, bayan azahar in kwashi manyan mazan, 'yan sakandare, mu tafi filin unguwa. Ni ne koci. Ba wanda ya zaɓe ni, ni kaɗai ne dai mai usur. Dokata guda ce: duk wanda ya yi kira da Turanci a cikin fili, in hura, a ba abokan hamayya ƙwallo.

Da farko sun ɗauka wasa nake. Ranar da muka buga da wasu yaran Somaliya na unguwar ne suka gane amfanin abin, don suna ta shirya yadda za su ci mutane a gaban idonsu, su kuwa ba su san me ake faɗa ba. Daga ranar kalmomin suka zauna musu. Ba ni. Saki. Buɗe. Koma gida. Ba kowa. Daka. Sai babbarsu, wadda ake faɗa wa wanda ke riƙe da ƙwallo in wani ya lallaɓo ta inda ba ya gani: bayanka. Na taɓa ƙirga su, duka ba su kai ashirin ba. Na san ba Hausa ba ce ta kirki, ba za ta kai mutum kasuwa ta dawo da shi ba. Amma ita ke gare mu.

Ɗana lamba goma sha ɗaya yake bugawa, can gefen hagu kan layi, nesa da kowa. Wanda ke can in bai ɗaga murya ba sai a manta da shi, saboda haka duk ya fi su kira. Wata rana na ji ya ce, "Ba ni mana, kai!" Ban taɓa koya masa wannan "mana" ɗin ba, daga bakin wani ya tsince ta ya ajiye ta daidai wurinta. Wata rana kuma ɗan tsakiyarmu ya ƙi sakar masa ƙwallo, ya dube shi ya ce, "Kai banza ne wallahi." Kamata ya yi in tsawata masa. Sai na juya baya ina gyara igiyar takalmi don kada ya ga ina dariya. A mota na kira uwarsa na ba ta labari, ta ce ni kaɗai ne uban da ɗansa ke zagi yana murna.

Sau biyu a shekara muke karawa da wata makaranta irin tamu da ke Manchester. Mu hau mota mu je musu, su ma su zo mana. Wani likita ne kocinsu, mutum mai sanyin magana, ya kuma yarda da dokata. Yara ashirin da biyu a fili, duk suna ihu da Hausa a ƙarƙashin ruwan sama, iyaye mata a gefe da kulolin shinkafa. In na lumshe ido sai in ji kamar ina filin makarantarmu ta ƙauye, in ban da sanyin da ke shiga ƙashi.

A hankali muka fara raguwa. Yawancin iyayen yaran ɗalibai ne da gwamnati ta turo, in sun gama sai su tattara su koma. Golanmu ya tafi da babansa ya kammala digirinsa na uku. Sababbin ɗaliban da ke zuwa kuwa galibi su kaɗai suke zuwa, ba iyali. Akwai wasu tagwaye, 'ya'yan wani Kirista mutumin Jos, su ne 'yan bayanmu, Hausarsu ta fi ta kowa. Suka samu aikin Asabar a wani kanti a Perry Barr, babansu ya kira ni yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Da na buɗe littafin suna a farkon wani zango, yara takwas na samu. Likita ya ce su tara ne, ɗaya ma ba kullum yake zuwa ba.

Kafin a zauna a kan maganar na kira wani abokina da muka yi sakandare tare, shi yana koyarwa a makarantar tamu ta ƙauye har yanzu. A zamaninmu mu fiye da talatin muke kokawa a kan riga goma sha ɗaya. Ƙwallon ce ke mana wuya, ban da mutane. Na gaya masa halin da nake ciki, sai ya yi dariya mara daɗi.

"Ai mu ma shida-shida muke bugawa yanzu," in ji shi. "Manyan duk sun shiga birni, wasu acaɓa, wasu haƙar ma'adinai. Rabin filin ma an shuka gyaɗa. Ka rage kawai. Amma ka sani, mu tun da muka rage ba mu sake komawa ba."

Farkon maganarsa na ɗauka, na bar ƙarshenta. Halina ke nan, kuma na daɗe da sanin haka.

Hajiya ta tara mu a babban ɗakin makarantar wata Asabar bayan an tashi. Iyaye shida, sai ɗana a matsayin kyaftin. Aka kira Likita a waya, aka jingina wayar da kofin shayi a tsakiyar tebur. Shi ya fara magana.

"Ni dai shawarata, a bar kowane yaro ya zo da friend ɗinsa," in ji shi. "'Yan Somaliya ne, 'yan Pakistan ne, Yarabawa ne, duk wanda ya samu. Mu cike eleven ɗin, a ci gaba da wasa."

"Da wane yare za su yi kira?" na tambaya.

"Malam, ka san amsa."

"To ban yarda ba. Mu koma bakwai-bakwai. Akwai ƙananan filayen nan na haya masu shinge, ko ba ta hannun council, hukumar gari, ma sai mu yi booking. Yaranmu zalla, dokarmu tana nan."

Hajiya ta dubi ɗana ta ce, "Kyaftin, kai me ka gani?"

Bai dube ta ba, ni ya duba. Da Turanci ya yi maganar, a hankali, wai a ƙaramin fili babu gefe, babu inda mutum zai ruga, shi kuma gudu a kan layi shi ne abin da ya iya. Sai ya ƙara da cewa, "Abba, there's no number eleven in sevens."

Na ce masa ɗan ƙwallo na gaske ko'ina aka sa shi yana bugawa. Na ce ba don a fitar da 'yan wasa muka kafa makarantar nan ba, don a riƙe harshe ne, wanda ke son ƙwallo zalla ga kulob-kulob nan cike da gari. Raina ya ɓaci, muryata ta hau, har Hajiya ta ce, "Malam, a yi a hankali." Aka ɗaga hannu. Huɗu suka bi ni. Likita ya ce shi ba zai ja ba, Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Na fito ina jin na yi nasara. A mota ɗana ya jingina kansa da gilashi har muka isa gida.

Wasan farko na bakwai-bakwai a Manchester aka yi. Rigunanmu kore ne, masu lamba ɗaya zuwa goma sha ɗaya. Na ciro bakwai na farko, na bar huɗu a jaka. Na miƙa wa ɗana lamba bakwai, ya juya ta ya dubi bayanta, ya sa.

Filin keji ne sosai, ciyawar roba, katako zuwa ƙugu, waya har sama. Iyaye suka tsaya a waje suna leƙe ta ramukan waya. Na shiga da usur a baki, na hura, ina jiran wanda zai fara yin Turanci in kama shi.

Ban kama kowa ba, don ba wanda ya yi magana. Duk inda yaro ya tsaya, ɗan'uwansa na nan taku goma daga gare shi, ido kawai za su haɗa ƙwallo ta wuce. Ba satar gida, ba kwana, ba jifa daga gefe, ƙwallo ta bugi katako ta dawo a ci gaba. Ba mai buƙatar a ce masa ya buɗe, ina zai buɗe ya je? Ba mai buƙatar a ce masa bayanka, yana jin numfashin mutum a wuyansa. Abin da ke tashi kawai ƙarar katako da shessheƙar yara. Na yi ta jira har aka tafi hutun rabin lokaci. Na tara su na ce, "Ku yi magana mana, ku kira juna." Ɗan tsakiyarmu ya ce, "Uncle, there's no time." Gaskiya ya faɗa.

Mun ci su tara da shida. Ɗana ya ci biyu, bai ɗaga hannu ba ko sau ɗaya. Da aka tashi Likita ya zo ya tsaya kusa da ni muna kallon yara suna cire takalma.

"Malam, ka ji abin da na ji?"

"Ban ji komai ba."

"Shi nake nufi," in ji shi. Ba da gatse ya faɗa ba, da ma gatsen ya yi da ya fi mini sauƙi.

A hanyar dawowa na yi ta juya maganar a raina. Shekara da shekaru ina ganin dokata ce ke sa yaran nan magana, ina taƙama da usur. Ashe faɗin fili ne. Nisa ne ke sa mutum ya kira ɗan'uwansa, ni kuma da hannuna na cire nisan. Da na bi shawarar Likita, ko banza da an samu rabi da rabi, wataƙila ma da baƙin yaran sun koyi "ba ni" da "saki" kamar yadda namu suka koya. Ban sani ba. Ban bari an gwada ba.

Bayan wata biyu ɗana ya ce ya samu wani kulob a Erdington, babban fili, kuma ranar Asabar suke wasa. Uwarsa ta riga ta sa hannu a takardar. Na buɗe baki zan yi magana, ta ce, "Kai ka ce masa kulob na nan cike da gari." Muka koma bakwai cif, ba ko ɗan canji. Sai wani ya karye a hannu. Na kira Likita na ce ko za mu dawo kan shawararsa, ya ce nasa yaran sun watse, saura biyar, abokan da za su kawo ma sun kama wasu wuraren. Ba a sake wasan Manchester ba. Ba wanda ya ce an daina, ranar ce kawai ta zo ta wuce ba wanda ya kira wani. Jakar rigunan tana saman kabad ɗinmu.

Na daɗe ban je kallon wasan ɗana ba, kunya da fushi suka hana ni. Ran da na je, na same shi a gefen hagu kan layi, da lamba goma sha ɗaya a baya, ya ƙara tsawo, yana ta ihu yana ɗaga hannu, duk da Turanci. Ya yi kyau ƙwarai. Na tsaya cikin iyaye Turawa na sa hannu a aljihu, na yi wa kaina alkawarin ba zan ce komai ba.

Ana cikin zagaye na biyu aka ba shi ƙwallo daidai gabana, ya tare ta yana duban gaba. Wani ƙaton yaro ya taho ta bayansa a guje. Ban san lokacin da ta fita daga bakina ba.

"Bayanka!"

Ya ɗan tsaya. Daƙiƙa ɗaya ce ko ƙasa da haka, amma na gani, ƙafarsa ta tsaya a kan ƙwallon, kansa ya ɗan karkato wajena. Yaron ya zo ya kwashe ta ya wuce.

A mota na ce masa ya yi wasa mai kyau. Ya ce ya gode. Muka wuce fitilar hanya biyu. Sai ya ce, da Turanci, cikin ladabi, ba tare da ya dube ni ba, yana jin daɗin zuwana, amma don Allah in daina kiran nan. Na ce ai taimakonsa na yi, mutum ne a bayansa.

"I know, Abba," in ji shi. Ya ce ya san kalmar, bai manta ba. Sai dai yanzu in ya ji ta, sai ya tsaya ya fassara tukuna.

Na ce to. Asabar ɗin da ta biyo baya na koma, na tsaya a wurin da na tsaya, har yau ma ina zuwa. Nakan ga mutum ya taho ta bayansa tun daga nesa, in ja bakina in yi shiru, in jira wani yaron ya gaya masa.