Ranar Da Aka Naɗa Yaya Roscoe Yana Kan Rufi

Yayana Roscoe Tillery bai taɓa cin zaɓe ba a rayuwarsa. Ya nemi shugabancin aji tun muna firamare, ya sha ƙasa. Ya nemi zama dikin, wato mai taimaka wa fasto, a cocinmu, aka ba wani. Ba wai ba a sonsa ba ne. A duk garinmu na kudancin Jojiya babu gidan da ba a yi masa tayin abinci. Surutu ne ya yi masa yawa. Kowa ya san in aka ba Roscoe muƙami, taron da ake tashi kafin abincin rana sai ya kai faɗuwar rana.

Tun yana saurayi ya shiga masaƙar safa da ke bakin layin dogo, inda mahaifiyarmu ta yi aiki, inda rabin garin ya yi aiki. A can ya haɗu da Earline, tana sashen ninke safa. Ya dame ta da zance har ta yarda ta aure shi. Har yau takan ce ta amsa ne don ya yi shiru, ba ta san ranar ma ya fara ba.

Ya haura shekara arba'in aka rufe masaƙar. Wannan ne karo ɗaya da na ga yayana ya yi shiru, kuma ya ba mu tsoro. Zai zauna a baranda tun safe, ka gaishe shi ya ɗaga hannu kawai. Da Earline ta gaji, wata Litinin ta goge masa riga, ta tura shi cikin mota kamar mai kai yaro allura, ta sauke shi a ofishin neman aiki. A nan aka sa shi a ajin koyon gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kyauta. Shi ne mafi tsufa a ajin, 'yan ajin na kiransa Kaka. Jarrabawar farko ya faɗi, ta biyu ya haye da kyar. Ya sayi tsohuwar a-kori-kura, ya sa aka rubuta sunansa a jikinta da manyan baƙaƙe waɗanda ake karantawa daga ƙarshen titi.

Sana'ar ta yi masa daidai kamar an auna. A zafin garinmu, mai gyaran na'urar sanyi ya fi likita farin jini, kuma wanda gumi ke tsiyaya masa ba ya korar mai gyara don ya cika magana. Haka Roscoe ya samu masu saurarensa gida gida, ba su da wurin gudu.

Wani kiran waya ya zo masa a watan Yuli, yana cikin silin ɗin gidan wata tsohuwa, yana rarrafe a kan katako da tocila a baki. Vondra Sykes ce, kansilar mazaɓarmu a majalisar gunduma, wadda suka yi makaranta tare. Ta ce akwai wata kujera da babu kowa a kanta a kwamitin horar da ma'aikata na gunduma, wato kwamitin da ke tsara irin ajin da shi kansa ya shiga. Ana son masu sana'ar kansu a ciki, kuma tana so ta miƙa sunansa. Roscoe ya cire tocila daga baki ya tambaye ta yaushe za a yi zaɓen, da wa zai kara. Ta ce babu zaɓe, babu abokin karawa, kansiloli ne kawai za su ɗaga hannu su amince.

Murna ta sa ya miƙe, ya manta inda yake. Ya ja baya ya taka inda babu katako, ƙafarsa ta huda silin ta leƙo falo. Tsohuwar na zaune tana kallon talabijin, sai ga takalmi na lilo a saman kanta, farin gari na zubo mata.

"Mista Tillery, lafiya dai?" ta tambaya.

"Lafiya lau, Mama," in ji shi daga sama. "Gwamnati ce ke nemana."

Kafin yamma duk garin ya ji. Ya faɗa wa mai gidan mai, ya faɗa wa Fasto, ya tsayar da mai raba wasiƙu a tsakiyar titi. Ni ya kira ni sau uku, kowane kira kujerar na ƙara girma. Da na je gidansu na tarar da shi yana zagaya teburin kicin yana dariya shi kaɗai, Earline na binsa da maganin shafawa don ƙwaurinsa da ya kuje.

Mutum ɗaya ne ya ƙi taya shi rawar kai, amininsa Purvis, wanda suka yi masaƙa tare, yanzu yana sayar da dafaffiyar gyaɗa a bakin babbar hanya. Purvis ya saurari labarin yana ɓare gyaɗa, sannan ya tambaya ko akwai albashi. Babu. Ofis? Babu. Mota? Babu.

"To, Mai Girma," in ji Purvis, "an ba ka aikin zama ka yi shiru kana sauraron wasu, kuma kyauta. Wanda ya zaɓe ka bai san ka ba, ko kuma maƙiyinka ne."

"Hassada ce ke cin ka, tsohon banza," in ji Roscoe, ya ɗebi gyaɗa bai biya ba.

Vondra ta gaya masa ƙarara cewa ba a yin jawabi a wurin, karanta suna kawai ake yi. Bai ji ba. Ya sayi sabuwar kwat mai launin toka, ya haddace jawabi mai gabatarwa da tsakiya da kammalawa. Ya gwada shi a kan Earline, ya gwada a kaina, ya gwada a kan karensu har karen ya koma kwana ƙarƙashin mota.

Ranar zaman majalisa muka cika zauren tun kafin ƙarfe shida. Dangi, maƙwabta, mawaƙan coci cikin shuɗin rigunansu, har da tsohuwar da aka huda wa silin, ta sa hularta ta Lahadi. Zaman da mutum biyar ba sa halarta, yau babu wurin tsayawa. Shugaban majalisar ya shigo ya gan mu, ya ɗan ja baya, ya raɗa wa Vondra tambaya ko zanga-zanga muka zo. Roscoe na layin gaba, ya miƙe wuya, gashin baki ya sha gyara, bakinsa na motsi yana bitar jawabi.

Aka fara da maganar kwalbati. Ana cikin maganar karnukan da ke yawo a unguwanni, sai na'urar sanyin zauren ta yi wani gurnani daga kan rufi, ta yi tari, ta mutu.

Duk zauren ya juyo ya kalli Roscoe. Shi kuwa ya kafe idonsa a kan tutar da ke gaba kamar bai taɓa jin labarin wata na'ura ba. Earline ta damƙe gwiwarsa, ta ce masa a hankali kada ya kuskura. Ya daure. Zafi ya fara sauka, mata suka fito da mafitai, shugaban majalisa ya kwance maɓallin wuya. Ina jin Roscoe yana gunaguni cewa ya san wannan ƙarar, abu ne na minti biyar. Akwai sauran batutuwa da yawa kafin a kai ga naɗe-naɗe, ya lissafa su da yatsa. Sai kawai ya zame daga hannun Earline, ya yafito Purvis ya zo ya riƙe masa tsani, suka fice.

Ko minti biyu ba su yi da fita ba shugaban majalisa ya goge fuska ya ce zafin nan ba na zama ba ne, a ɗage sauran batutuwa zuwa wani zaman, a yi naɗe-naɗe a tashi. Vondra ta buɗe baki za ta yi magana, magatakarda ya riga ya fara. Ya karanta sunaye a jere cikin numfashi ɗaya, na yayana a tsakiya. Hannaye suka tashi, aka buga guduma. Shi ke nan.

Muka kalli kujerarsa da babu kowa, muka kalli juna. Sai wata daga cikin mawaƙa ta fashe da dariya, wata ta ɗauki waƙa, zauren ya kaure da tafi. Ni na fita da gudu, takalmi a hannu.

"Yaya, sauko, an naɗa ka!"

Kansa ya leƙo daga bakin rufin, baƙin mai a goshi. "An me?"

"An naɗa ka. An gama. An tashi."

Purvis ya saki tsanin ya riƙe ciki. Dariya ta kai shi ƙasa, ya jingina da tsanin, tsanin ya zame ya faɗi a kan ciyawa. Jama'a kuwa na ta fitowa daga zauren suna fifita, har da kansilolin, makullan mota a hannu. Kowa ya ɗaga kai. Ga Roscoe Tillery tsaye a kan rufin majalisar gunduma, hannun kwat ya yage daga kafaɗa, sukudireba a hannu, rana na faɗuwa a bayansa, duk garin na ƙasa na kallonsa. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa a rai. Ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya.

Earline ta ce a yi maza a mayar da tsani, in ba haka ba a nan za mu kwana. Aka mayar. Ya ƙi saukowa.

Ya fara da gaida shugaban majalisa da kansiloli da Fasto da manyan baƙi, kamar yadda ya haddace. Daga nan jawabin ya ɓace masa ƙaf. Ya tsaya yana lalube a aljihu, babu komai sai ɓawon gyaɗa. Da ya ci gaba, muryarsa ta canza.

"Da yawanku kun gan ni a baranda lokacin da aka rufe masaƙa," ya ce. "Na ɗauka tawa ta ƙare. Matar nan tawa ta kai ni wani aji, wasu mutane da ban taɓa gani ba suka biya mini. Yau an ce in zauna a kujerarsu. Akwai masu zama a baranda yanzu haka, na san gidajensu. Zan je."

Earline ta juya baya tana neman wani abu a jaka wanda babu shi. Daga can baya shugaban majalisa ya tambaya, cikin ladabi, ko na'urar ta gyaru. Roscoe ya ce a'a, ranka ya daɗe, wani ƙarfe ne ya ƙone, sai an yi odarsa daga birni, sati mai zuwa. Wurin ya sake fashewa. Mawaƙa suka ɗora daga inda suka tsaya, ya sauko tsani yana rausaya, muka rankaya gidansu aka soya tarwaɗa da burodin masara. Kansiloli biyu sun biyo mu.

Aikin kwamitin kansa ba shi da wani armashi, shi ma bai ɓoye ba. Ana zama da safe a wani ɗaki mara taga, da kofi da busasshen kek. A zaman farko aka ba shi tulin takardu, bai gane rabinsu ba, ya ce a yi masa bayani kamar ɗan aji ɗaya, aka yi masa. Shugabar kwamitin ta koyi ɗaga masa biro idan ya zarce, wani lokaci yakan gani. Ya kawo shawarar a samar da bas mai ɗauko masu koyon sana'a daga ƙauyuka, aka ce babu kuɗi. Ya sake kawowa, aka sake cewa babu. Har yanzu yana kawowa. Amma ajin yamma na waɗanda suka manyanta shi ya matsa aka buɗe, kuma da kamfanin yankan kaji ya sallami ma'aikata, ya bi su gida gida da a-kori-kurarsa. Wasu sun shiga ajin don sun gamsu, wasu don ya tashi daga ƙofarsu. Ba duka suka kammala ba.

A watan jiya aka yi bikin yaye ɗalibai a ɗakin taron makarantar sakandare, aka ba shi miƙa takardun shaida. An ja masa kunne cewa musafaha kawai zai yi. Ya yi biyayya har aka kira wata mata mai jikoki wadda ta koyi walda. Ta hau dandamali tana rawa, 'ya'yanta na ihu daga ƙasa. Roscoe ya ajiye takardar, ya kama hannunta, suka taka daga wannan gefe zuwa wancan, ya juya ta, ya zo zai juya kansa gwiwarsa ta yi ƙara. Sai ɗaukarsa aka yi zuwa mota, yana dariya yana kira a tabbata an ba matar takardarta.

Likita ya ce ya kwanta sati biyu, kada ya taka ƙasa. Zaman kwamiti ranar Talata ne, kuma tuni ya sa Purvis ya aro masa keken marasa lafiya daga coci. Purvis ya ce zai tura shi, amma bai yi alkawarin riƙewa a gangaren ofishin ba.