Waƙoƙin Daɓen Inna Rifkatu

Inna Rifkatu ba ta taɓa iya karatu ba. Abin da ta sani na Bishara, da kunne ta ɗauke shi, a bencin baya na ƙaramar majami'ar Unguwar Ɗan'auta, can gefen Bagwai, inda 'yan gidajen Kirista ke zaune tsakanin gonakin maƙwabtansu Musulmi. In mai bishara ya karanta labari ranar Lahadi, sai ta tafi da shi gida, ta yi ta juya shi a bakin murhu har ya zauna daram a kan muryar waƙar daɓe irin ta kakanninta.

Da ma ƙasan majami'ar daɓe ne. Kowace shekara in an gama girbi, mata kan taru su zuba tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba, su durƙusa a jere kowacce da madaɓinta. Rifkatu ke bayarwa, su suna amshi, madaɓai na sauka tare. A nan 'yan mata suka san labarin tunkiyar da ta ɓata, da na matar da ta haɗu da Yesu a bakin rijiya. Har Furera, aminiyarta Musulma, takan zo taya aiki, tana tsokanarta wai muryarta ta fi gaban daɓe, sai korar tsuntsu a gonar gero.

"To ki zauna gida mana," in ji Rifkatu.

"In zauna, wa zai gyara miki inda kika karkace?"

Amma daɓe yana cin gwiwa, kuma gara ba ta jin wa'azi. Rifkatu da kanta ta dinga roƙon ɗanta Iliyasu, mai aikin gini a Kano, ya dubi ɗakin Ubangiji. Ranar da ya zo da buhunan siminti, ta yi guɗa, ta yi rawa, ta ce Allah ya ji kukanta. Aka shafe ƙasa sumul, kowa ya sa albarka.

Sai da kaka ta zagayo ta gane abin da ta roƙa. An gama girbi, ba abin da za a daɓe. Ta kira matan zumunta su zo a yi waƙa haka nan, suka zo, suka zauna a benci hannu a cinya. Ta bayar, amshin ya fito da ƙyar, wannan ta riga, waccan ta makara. Waƙar da aka haifa da duka ba ta tafiya a zaune. Ta sa su yi tafi, ta sa su buga benci, duk bai hau ba. Shekarar da ta biyo, rabinsu ba su zo ba.

Ga gonaki kuma sun tsuke, gado ya yanyanka su har wani rabon bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Samari suka bi Iliyasu birni, matansu suka bi su, 'yan matan da suka rage kuwa waƙoƙin waya suke so. Rifkatu ba ta zargi kowa ba. Takan ce wa mai bishara ita ba ta da abin kai wa Ubangijinta sai waɗannan waƙoƙi, kuma tana tsoron ta isa gabansa ya tambaye ta wa ta bar wa. Shi kuma ya ce mata Allah ba ya manta aikin bawansa. Ta ce ta sani, ba mantuwar Allah take tsoro ba.

Har ta taɓa fasa daɓen ɗakinta da gangan, mai kyau, ba tsaga ko ɗaya, don ta samu dalilin kiran mata. Furera ce ta zo, da wata tsohuwa Lami, 'yar majami'a. Su uku suka durƙusa, gwiwoyi na ƙara. Kafin a kai tsakiyar ɗaki numfashin Rifkatu ya gaza, waƙar ta yanke a inda makiyayi ya bar garke ya shiga jeji. Furera ta kama ta ta zaunar.

"Ki huta, 'yar uwa. Gobe ma rana ce."

Ba ta ƙara durƙusawa ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da ita duk damina, ta rasu dawa tana fitar da kai. Allah ya ba ta hutawa, baiwar Allah mai sanyin hali.

Ranar jana'iza 'yan birni suka cika majami'ar yadda ba a gani ba da daɗewa. Iliyasu, idonsa jawur, ya roƙi matan su yi wa innarsa ko waƙa ɗaya cikin nata. Suka miƙe, suka dubi juna. Kowacce ta tuna amshi, Lami ma ta fara rera wani a hankali. Amma amshi ne kawai. Abin da ake bayarwa kafin a amsa, babu wadda ta riƙe, don duk tsawon shekarun nan ita kaɗai ke faɗarsa. Suka tsaya shiru suna jiran a ba su, har mai bishara ya ce a yi addu'a.